Daga Rijiyar Lemo Zuwa Duwatsun Riruwai

Mu mutanen Rijiyar Lemo, in an ce dutse sai mu dubi Dala. Amma da muka bi hanyar Jos, muka ratsa dajin Falgore, gidan gwanki da gyado da gwaggon biri, muka hau duwatsun Riruwai da ƙafa har numfashi ya sarƙe, sai Dala ya koma tudu. Masana ƙasa sun tabbatar cewa waɗannan duwatsu saiwar wani dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun miliyoyin shekaru. To, Wanda Ya kashe wutar nan Shi ne Ya ba mu amanar namun dajin nan, ga shi farauta da saran itatuwa sun rage su ƙwarai. Ranar Gobe za a tambaye mu. Allah Ya ganar da mu, amin.