Daga Gishirin Awe Zuwa Fagen Tsere: Tsohuwar Fijo Ba Ta Gama Aiki Ba

In aka ambaci Awe a ƙasar Hausa, abin da ya kan fara faɗo wa dattijo a rai shi ne gishiri. Garin yana kudu maso gabashin Lafiya, cikin Jihar Nasarawa wadda aka yanko daga Jihar Filato a 1996, kuma ƙasarsa ta miƙa har bakin kogin Binuwai wajen Tunga. Tun zamanin da Jukunawa ke da iko a wannan yanki ake dafa gishiri a Awe da Keana da Azara, shi ne kuwa ya jawo fatake Hausawa, musamman Katsinawa, har wasu suka sauke kaya suka zama 'yan gari. Aikin na mata ne, da rani ake yinsa: a tace ruwan gishiri ta cikin ƙasa mai gishiri a tukwane, sa'an nan a dafa har ya ƙafe.

To, amma gishiri ba ya kai kansa kasuwa. Da can a ka da bisa jakuna ake fitar da shi, daga baya mota ta karɓi aikin. Wanda ya taso daga Lafiya ya bi ta Obi zuwa Awe zai ratsa gonakin doya da riɗi da shinkafa, ya wuce garuruwan Alago da ƙauyukan Tibi da rugagen Fulani. Da zarar kuwa ya sauka daga babbar hanya ya nufi ƙauyuka, sai ya gamu da jar ƙasa: da rani ƙura da gargada, da damina taɓo da zaizaya. Irin wannan hanya ita ce alƙalin motoci, ba ta karɓar toshiya. Motar da ta daɗe tana cin shari'a a gabanta kuwa ita ce Peugeot, wadda mu muke kira Fijo, watau 404 da ƙanwarta 504, ko ta fasinja ko a-kori-kura.

A Faransa aka fara fito da 504 a shekarar 1968. A nan gida kuma kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, alhali kuwa a Turai an daina ƙera ta tun 1983. Ba banza ta yi wannan daɗewa ba. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta na da dogon numfashi a kan rami, injinta kuma mai silinda huɗu ne wanda makaniki zai iya warwarewa a gindin mangwaro da sifana da jak, ya mayar kafin rana ta faɗi.

Abin da yawancin waɗanda suka shiga ta ba su sani ba shi ne, wannan motar da ke ɗaukar buhunan gishiri da tulin doya jarumar fage ce. A Gabashin Afirka akwai tseren Safari wanda aka fara a 1953, a da ana cin wajen kilomita 5,000 a kan hanyoyin da ba su fi na ƙauyukan Awe kyau ba. Peugeot 404 ta ci shi a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 da 1968 ɗin nan motoci 7 kacal suka kai ƙarshe saboda ruwa da taɓo, kuma duka sau biyun Nick Nowicki ne ya zo na ɗaya. Sa'an nan 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin, ta kuma ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas na Faransa, da samfurin nan mai ƙofa biyu da babban inji.

A 2003, sa'ad da Safari ya cika shekara 50, sai mutanen Kenya suka kafa wani tsere dabam domin tsofaffin motoci kaɗai. Irinsa na da yawa a Turai, kuma ba duka masu shiga ne ke da kamfani a bayansu ba. Wani a garejin gidansa zai ajiye gawar mota, ya yi shekara guda ko biyu yana tayar da ita da hannunsa bayan ya taso daga aiki. Mai karatu, bari mu bi aikin daki-daki, mu ga ko akwai abin da zai zama baƙo ga makanikin Awe.

Farkon aiki shi ne a tuɓe motar tsaf. A sauke inji da giya, a cire kujeru da gilasai da wayoyi, har ya rage bodi tsirara. Dalili kuwa, tsatsa ba ta zama a fili. A ƙarƙashin dardumar ƙasa take ɓuya, da gindin ƙofofi, da inda shokazoba ke kama bodi. Duk inda ta ci sai a yanke a sa sabon ƙarfe, kana a bi mahaɗar faranti da walda, domin ɗigon waldar da aka yi a kamfani ba ya jure dukan gargada na kwana da kwanaki. A nan mutumin Awe ya riga kowa sani, gama motar da ta yi shekaru tana dakon gishiri ta koya masa yadda gishiri ke cinye ƙarfe, da kuma inda yake fara ci.

Na biyu shi ne ƙafafu da ciki. A kan ƙarfafa sifirin, a sa shokazoba mai jure zafi, a ɗan ƙara wa motar tsayi, sa'an nan a ɗaura faranti mai kauri a ƙarƙashin inji da tankin mai don kada dutse ya huda su. Direban da ke kai doya kasuwa da damina ba ya bukatar a fassara masa wannan, don kuwa ya san dutse ɗaya ya isa ya zubar da baƙin mai ya kwantar da inji a daji.

Na uku shi ne inji. A nan ne ɗan koyo kan yi zaton gudu ake nema, alhali kuwa juriya ake nema. A sake ringi da bel da fulogi, a wanke lagireto ko a sa wanda ya fi girma, a gyara birki da kuloci, a kuma kula ƙwarai da matatar iska, domin ƙura in ta shiga inji aikin yashi take yi. Bugu da ƙari dokar irin wannan tsere ba ta yarda a cusa wa tsohuwar mota injin zamani ba. Dole ta tsaya a kan sifar da ake tsere da ita a zamaninta. Watau gwanintar ita ce a san tsohon abu ciki da waje, ba a musanya shi ba.

Sai na huɗu, wanda shi ne sabon karatu a gare mu, watau tsare rai. Ana gina keji na bututun ƙarfe a cikin motar, a kafe shi da bodi, yadda ko ta ƙife rufin ba zai danne mutane ba. Amma fa ba kowane bututu ba. Akwai kauri da irin ƙarfen da doka ta tsara, kuma wanda ya ɗauko bututun famfo ya lanƙwasa ya haƙa wa kansa kabari ne. Ana sa kujeru masu rungume jiki, da ɗamara mai kama kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da zai yanke wutar batir gaba ɗaya, da hular kwano ga direba da mai karanta masa hanya. Masu duba motoci ba sa barin kowa ya tashi sai sun ga waɗannan da idonsu.

To, cikin huɗun nan, uku suna hannun makanikanmu tun tuni. Sai dai hannun na tsufa. Babur da motocin Japan sun karɓe tasha, yaran da za su gaji kanikancin Fijo sun koma wasu sana'o'i, ita kuwa tsohuwar motar in ta kwanta a bayan gida sai 'yan gwangwan su zo da sikeli su saye ta da nauyi, su sassare. Kowace aka sare, an rasa gilashi da ƙofa da giya waɗanda da sun tayar da wata. Ran da dattijon da ke gane ciwon inji da kunne ya kwanta dama, abin da ya sani ya bi shi, domin ba a rubuce yake ba.

Ba kuwa fage muka rasa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, ya daɗe da haɗawa da tseren motoci. Da aka farfaɗo da bikin a 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu a lokacin, ta tayar da ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu. Me zai hana a keɓe wa tsofaffin motocin Kaduna rukuninsu a irin wannan taro, da dokokin tsare rai a rubuce, da masu duba mota na gaskiya? In an yi haka, wanda ke da gawar 504 a bayan gida zai sami dalilin korar mai sikeli, makarantun koyon sana'a za su sami abin koyarwa da hannu, tsohon makaniki kuma zai sami almajirai.

Mutanen Awe sun san abin da ke faruwa ga sana'a in kasuwa ta juya mata baya, domin sun ga yadda gishirin kanti ya rage wa nasu ciniki, amma duk da haka mata ba su fasa tukwanensu ba. Saura masu sifana su ma a ba su dalilin riƙe nasu. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.