Firintar da muka adana har ta bushe

Iyayen yara ne suka saya mana ita. Sai da aka yi taro biyu a gindin dogon yaron da ke tsakar lakwal ɗinmu, a bayan garin Maraɗi, kafin a amince kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa. Hujjar da muka kafa a lokacin mai sauƙi ce: duk kwampozishon sai malami ya cika allo da tambayoyi, yaro ya cinye rabin lokacinsa yana kwafa, na bayan aji kuma ba ya ganin rubutun. In an ce a kai fotokopi cikin gari, dala biyar-biyar ce kowace takarda, ga kuɗin kabu-kabu. Da firinta tamu, ko amfirimanti kamar yadda muka saba faɗa, an huta. Aka sayo irin mai tankunan tawada huɗu a gefe, baƙa da shuɗiya da ja da ɗorawa, aka ce ni zan riƙa kula da ita tunda ni ke da kwamfuta.

Ta yi mana aiki har ƙarshen shekarar karatu. Da hutun damina ya zo, ni da dirakta muka naɗe ta da zane, muka sa ta cikin akwatin ƙarfe na ofishinsa, muka kulle. Da aka koma a Oktoba ba mu fito da ita ba. Dirakta ya ce tawada tsada gare ta, a bari sai kwampozishon, ni kuma na ga maganarsa gaskiya ce. Abin da aka saya da kuɗin mutane ba a wasa da shi. Haka ta yi wata biyar da ƴan kwanaki ba ta ga takarda ba.

Ranar wata Alhamis cikin Disamba na fito da ita, Litinin za a fara jarrabawa. Ina da tambayoyin lissafi da na faransanci na ajina na CM2, yara 68, ga na sauran malamai biyar da suka ba ni nasu suka tafi da kwanciyar hankali. Na jona ta, ta yi ƴar ƙara, sai fitilarta ta shiga ƙyaftawa. Kwamfuta ta fito da saƙo cewa akwai matsala a « tête d'impression », wato kan da ke fesa tawada. Na kashe na kunna sau uku. Saƙon yana nan.

A daren na kira wani tsohon ɗalibina da ke gyaran waya da kwamfuta a kasuwa. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke faruwa.

« Mushe, yaushe rabonku da buga wani abu da ita? »

Na ce tun Yuni. Ya yi shiru kaɗan, irin shirun da nake yi masa dā idan ya kawo mini kaye babu aikin gida. Sannan ya ce in bar ta haka, kada in ƙara taɓa komai, gobe bayan Juma'a zai kira ni mu bi ta a hankali.

Abin da ya koya mini ya sa nake wannan rubutu, domin na san lakwal da yawa da gidaje da yawa suna da irin wannan na'ura, kuma kusan kowa yana yi mata irin adanar da muka yi. Kan firinta ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana biyu ba, a ƙarƙashinsa akwai ɗaruruwan hudoji waɗanda kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ta nan tawada ke fita ɗigo-ɗigo. A wasu na'urorin, kamar yawancin na Canon da HP, zafi ne ke tura ɗigon: akwai ɗan ƙarfe a bayan kowace huda da ke zafafa tawadar ta yi kumfa ta feso. A na Epson da Brother wani ɗan abu ne ke lanƙwasa idan wuta ta shige shi, ya matso ɗigon waje. Ko wanne ne, tawadar galibinta ruwa ce. Idan ta daɗe tsaye a bakin hudar, ruwan ya tashi, launin ya daskare ya toshe hanya, kamar yadda tawadar allo ke bushewa a bakin alƙalami. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ke busar da leɓen mutum, ba a buƙatar wata biyar kafin hakan ya faru.

Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa a gefe guda cikin na'urar akwai wata ƴar marfi ta roba. Idan aka kashe firinta da maɓallinta, kan yana komawa ya zauna a kan robar nan ta rufe hudojin. Idan aka zare waya daga bango, ko wuta ta ɗauke tana cikin aiki, kan yana tsayawa inda yake, a buɗe. Da na ɗaga murfin tamu sai na tarar da shi a tsakiyar hanya. Nan na tuna. Ranar ƙarshe ta Yuni ina buga sakamakon yara wuta ta ɗauke, na gaji da jira, na zare waya na naɗe. Ni na yi. Na so in ce laifin akwatin dirakta ne, amma kan yana tsaye a wurin da na bar shi.

Yaron ya ce mu raba matsalar gida biyu, saboda saƙon kuskure daban, toshewa daban. Hudojin da suka toshe ba kasafai suke sa fitila ƙyaftawa ba. Na'urar tana ci gaba da bugawa ne kawai, takarda ta fito fara ko da zane-zane. Idan ta ce ba ta gane kan ba, to ko bai zauna daidai ba, ko ƴan ɗigon tagulla da ke bayansa, inda yake haɗuwa da wutar na'urar, sun yi datti, ko kuma ya ƙone. Biyun farko ana gyarawa a gida. Na uku sai sabo.

Tamu irin wadda kanta ke cirowa ce, guda biyu, ɗaya na baƙa ɗaya na launuka. Ya ja mini kunne cewa akwai waɗanda nasu a ɗaure yake da jikin na'urar, kuma wanda ya ga nasa bai fita da sauƙi ba kada ya sa masa sukuddireba. Na zare wuta, na buɗe maƙallan, na ciro su. Tagullar bayan na baƙar ta yi ƙura haɗe da busasshiyar tawada. Na goge ta da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, na ɗan jiƙa shi kaɗan, na goge takwararta ta cikin na'urar, na jira suka bushe sarai, na mayar na danna har na ji ƙas. Da na kunna, fitilar ta tsaya cak. Na yi hamdala da ƙarfi har mai gadi ya leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. Takardar farko ta fito kamar an rubuta ta da tsefe: rabin kowane harafi babu, 8 ta koma 3, alamar tarawa ta koma ta ɗebewa. Wanda ya taɓa gyara takardun lissafi ya san abin da wannan zai jawo.

A nan na yi kuskure na biyu, don ban sake kiran yaron ba. Cikin saitin firinta akwai wurin da aka rubuta « Nettoyage », na danna. Ta yi gurnani na minti biyu, na buga, da ɗan sauƙi. Na sake dannawa. Na sake. Sau shida a jere na yi, ina kallon tawadar tanki tana sauka ina cewa ai magani take sha. Da na faɗa masa daga baya sai da ya yi salati. Wankin nan ba komai ba ne illa famfo da ke zuƙo tawada ta cikin hudojin da ƙarfi, ya zubar da ita a wani soso da ke ƙarƙashin na'urar. Soson yana cika, kuma na'urar tana ƙirga abin da ta zuba masa, ranar da lissafinta ya cika za ta ƙi aiki har sai an kai ta wurin mai gyara. Ga shi zuƙa a kai a kai tana iya tara kumfar iska a hanya, abin ya ƙara lalacewa. Ƙa'idar ita ce a fara buga takardar gwaji, wadda ake kira « Vérification des buses », a ga waɗanne layuka suka yanke kuma a wane launi. A yi wanki sau ɗaya, a sake gwaji. In an yi biyu ko uku babu canji, a kashe ta a bar ta ta kwana, tawadar da ta shiga ta jiƙa busasshiyar. Ya ƙara da cewa kada in yi ta buga takardu da kan da ba ya fitar da tawada, domin a irin masu aiki da zafi tawadar ce ke sanyaya ƴan ƙarafan, in babu ita sai su ƙone.

Asabar da safe gwajin ya nuna baƙar ta dawo fiye da rabi, ɗorawar kuma babu ita ko ɗigo. Sai ya ce a jiƙa. Ya hana ni ruwan rijiya da na famfo, saboda gishirin da ke cikinsu yana zama a hudojin in ya bushe. Na je farmasi na sayo tataccen ruwa, « eau distillée ». Wani abokin aikina ya ce ai ruwan batir ma shi ne, amma a kasuwa sunan nan ɗaya ake kiran tataccen ruwa da asid, ban yarda in gwada sa'ata ba. Na ɗumama ruwan kaɗan, yadda yatsa zai iya zama a ciki, na ninka tsumma a faranti na zuba har ya jiƙe, na ɗora kawunan biyu hudojinsu na kallon ƙasa, ina kula kada ruwa ya kai ga tagullar. Bayan minti goma na ɗaga. Na baƙar ya bar layi baƙi ƙirin a tsumman. Na launuka ya bar shuɗi da ja, wurin ɗorawa fari fat. Na ƙara masa lokaci, na sauya tsumma, haka dai.

Na shanya su, na mayar, na yi wanki ɗaya. Baƙar ta fito cikakkiya, kowane layi a wurinsa. Yinin Lahadi na yi shi a ofishin dirakta ina bugawa, ina addu'ar kada wuta ta ɗauke, ina duba kowace takarda ta goma ko 8 tana nan a 8 ɗinta. Litinin yara suka zauna kowa da takardarsa.

Saura bayani ga masu kuɗin. A taron ƙarshen zango na tashi na faɗi abin da ya faru, har da zare wayar da wankin nan shida, na ce kan launuka sai an sayo sabo, mai gyara ya ce daga Kano ake kawo shi. Na yi zaton za a yi mini faɗa a kan tawadar da na ɓata. Shugaban iyayen, wani dattijo da ya yi shekaru yana noman rani da injin ban ruwa, bai ko taɓo zancen ba. Tambayarsa ita ce me ya sa aka kulle ta tun farko.

« Malam, ko injin nawa in ya yi damina ba a tayar da shi ba, sai an kwance kabireta. Mun saya muku ne ku yi aiki. »

Dirakta ya ce tsimin tawada muke yi. Alhajin ya tambaye ni tawadar nawa takarda ɗaya a mako za ta ci a wata biyar, in an gwada da wadda na zubar ranar Juma'a. Ban amsa ba, kowa ya ga tankunan.

Aka yanke cewa duk Alhamis zan buga takarda ɗaya mai launi huɗu, ko da babu aiki, in kashe ta da maɓallinta in jira kan ya koma mazauninsa kafin in zare waya, sannan in rufa mata zane saboda ƙura. Da hutu kuma za ta koma gidana maimakon akwati. Kuɗin sabon kan sai bayan an sayar da wake.

Kafin a tashi hutu, ƴan ajina sun roƙe ni in buga musu tutar ƙasa su liƙa a bango saboda bikin 18 ga Disamba. Na manta cewa ruwan lemo ja ne da ɗorawa, kore kuma shuɗi ne da ɗorawa. Takardar ta fito sama ruwan hoda, ƙasa shuɗi, ranar da ke tsakiya ma hoda. Wata yarinya ta ɗaga ta tana tambayata tutar wace ƙasa ce. Na ba su fensir mai launi, na buga musu zanen tutar da baƙar tawada kawai, suka cika da hannu.