Hular da Baba bai gama ba



A Sabon Ibadan aka haife ni, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916. Mahaifina maɗinkin hula ne, ni kuwa aikina sauraron masu fama da damuwa da ƙuncin rai. Ni ne ɗan fari, saboda haka har Baba ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya miƙo min allura da zare ya ce, "Kai, zauna." Na daɗe ina ganin rashin so ne.

A makaranta an koya mana mu dubi mutum ido cikin ido, mu sa shi ya faɗi abin da ke cinsa. Da haka nake aiki har aka kawo min wani dattijo da babban ɗansa ya rasu. Ba ci, ba barci. Zama uku muka yi, amsarsa ɗaya ce: "Sai godiya." Da na matsa ya ambaci sunan yaron, sai ya sunkuyar da kai. Bai sake dawowa ba.

Abin ya tsaya min a rai. Wani dare na buɗe adakar Baba, na ci karo da hular da ya fara bai gama ba. Na ɗauka, na je zauren dattijon, na gaishe shi, na zauna gefensa ina ɗinki. Ban tambaye shi komai ba. A zuwa na biyu ya ce, "Malam, yaron nan ma yana son irin wannan zanen." Daga nan magana ta ɓalle har aka kira la'asar. Sunan dai bai faɗa ba, ni ma ban nema ba.

Ba ni na fara gane haka ba. Tun 1954 Dokta Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Ni dai sai da na sha kunya na gane cewa kawaici ba rashin ƙauna ba ne.

Na gama hular cikin wata biyu. Da na gwada, ashe awon kaina ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.