TSAKANIN ƊAUKA DA ƊIBA

A ganina, babu abin da ke auna marubuci kamar kalmomi biyu masu kama da juna. Bature yana da kalmar recruitment, wadda yake shigar da soja bariki da ita, ya shigar da akawu ofis, ya kai lebura filin kwadago. Mu kuwa Hausawa muna da biyu, ɗauka da ɗiba, kuma duk wanda ya ce ɗaya suke bai saurari harshensa da kyau ba.

Abin da ake ɗauka, sai an dube shi an zaɓa. Uwa tana ɗaukar ɗanta, maigida yana ɗaukar yaron shago bayan ya tambayi asalinsa. Amma ɗiba, ai ruwa ake ɗiba, da hatsi, da yashi. Mai ɗiba mudu yake kallo, ba ruwansa da ƙwayar da ta faɗa ciki.

Kakanninmu sun san wannan bambanci a jikinsu. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa sun matsu da neman kuza bayan Japan ta kame Malaya, sai aka yanka wa hakimai da dagatai adadin mutanen da za su kawo ma'adinan Jos. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Ba su ce ɗaukar gwamna ba, domin ba wanda aka nemi yardarsa, kuma sanyin dutse da yunwa sun kashe da dama. A shekarun nan ne kuma aka kwashi samari zuwa Bama. Daga bakin soja muka ari kalmar kurtu, har yau kuwa a Zariya ake horar da kurata, a barikin da aka kafa tun 1924.

Kada mai karatu ya zaci zancen ya wuce. Ranar 15 ga Maris, 2014, dubun dubatar matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin shige da fice, bayan kowa ya biya naira 1,000. Fiye da mutum 10 suka rasu a turereniya. Sanarwa ta ce ɗaukar ma'aikata ce, amma wanda ya ga hotunan ya san ɗiba aka yi.

Ni malamin sakandare ne, duk shekara ina yaye yara waɗanda kunnensu ke kan rediyo, suna jiran a ce gwamnati za ta ɗebi mutum kaza. Raina yakan sosu, domin na san kowannensu da sunansa da baiwarsa, ga shi da bakinsu suna roƙon a auna su da mudu.

Saboda haka, 'yan'uwana marubuta, idan alƙalami ya kawo ku wannan mararraba, ku tsaya ku tambayi kanku: an dubi fuskar mutumin nan, ko kuwa lissafi aka cike da shi? Amsar ita za ta ba ku kalmar. Allah ya sa 'ya'yanmu su zama abin ɗauka, amin.