Abin Da Ke Cikin Akwatin Lefe

Mu marubutan littattafan soyayya mun iya cika akwatin lefe. Sai mu jera wa amarya Holan da Sufa da shadda Gezna, mai karatu na ta haɗiyar yawu. Amma a garinmu Danchadi, in aka buɗe akwati yau, yawanci atamfa 'yar China ce a ciki, wadda aka sauke a Kwatano, ta ratso Nijar, ta shigo ta Ƙonni da Illela, ko aka saro ta a Kantin Kwari.

Ina yarinya kakata ke kaɗi da mazari, masaƙi ya saƙa gwado, marini ya tsoma shi a baba. Mutum uku ke nan sun ci abinci a zane ɗaya, ban da manomin auduga. Atamfar Kaduna ce ta fara rage musu ciniki, amma ita ko ba komai audugarmu take saye, 'yan'uwanmu kuma na aiki a masaƙun Kakuri. KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ga rashin wuta, ga fasa-ƙwauri. A 2015 har zanga-zanga marinan Kano suka yi, saboda 'yan China sun shigo da rinannen kaya.

Wallahi ban ga laifin angon da ya sayi mai arha ba, aljihunsa ya duba. Abin da ke ci mini rai, jikokin marina acaɓa suke yi a Sakkwato, karofin kakanninsu kuma ya zama juji.