Gurumi cikin rumbu

 Ni manomi ne a ƙasar Adar, gabas da Tawa. Da girmana na koyi karatu, wajen karatun manya. Zan ba ku labarin wani abu da ya faru gidan kawuna. Har yau in na tuna shi, sai in rasa wanda zan bai wa gaskiya.

Kun san yadda damanar 2021 ta kasance. Ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai. Kawuna da ya saba ɗaure dami ɗari, bai samu talatin ba. Tun kafin a kama azumi a 2022 rumbunshi ya ƙare ƙaƙaf.

Kawun nan nawa makaɗin gurumi ne. Noma ne sana'arshi, amma tun yana saurayi babu gayya ko bikin da ake yi garinmu ba a kira shi ba. A lokacin ya haura shekara 70.

Cikin wannan bazarar ɗana na fari, da ke karatu Tawa, ya zo hutu. Yana da salula mai ɗaukar hoto mai motsi. Wata rana da dare ya ce: "Baba, dubi wannan." Na duba. Turawa ne, maza da mata, sun cushe cikin wani ɗan ɗaki na ƙarfe, irin wanda ke hawa da sauka da kaya cikin benaye. Ko wurin miƙe hannu babu. Suna waƙa. Guda daga cikinsu ba shi da wurin aje ganga, sai yana bugun rufin ɗakin da hannu, ana kuma yaga takardar mujalla daidai da kiɗin. Yaron ya ce makaɗan ƙasar Kanada ne, ana ce musu Arcade Fire, a birnin Paris anka ɗauke su cikin 2007. Mai ɗaukar wani Bafaranshe ne, Vincent Moon. Shi da wani abokinshi sunka fara wannan aiki a 2006. Sai su fidda mawaƙa daga manyan ɗakunan wasa, su kai su bakin titi, ko cikin mota, ko matakala, ko madafa. Kamara guda a hannu, a bi su da ita. Sunan da sunka ba abin da Faransanci, in an juya shi, kamar a ce kiɗan tafi-da-gidanka.

Na yi dariya. Na ce mu ina muka taɓa samun ɗakin wasa? Kiɗanmu gona yake. Mata na lugude bakin turmi, maƙeri na waƙa bakin uwar maƙera, makiyayi na busa sarewa bayan shanu. Abin da Turawa sunka gano jiya, mu cikinshi anka haife mu.

Ya ce: "Baba, ba ka duba da kyau ba. Wurin ne ke gaya musu yadda za su yi kiɗin." Ya ce yana so ya ɗauki Kaka haka, tun yana da ƙarfi.

Da safe munka tafi. Anka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gao. Kawu ya sa babbar rigarshi ta salla, ya naɗa rawani, ya zauna ƙiƙam kamar mai jiran kwamanda. Ya kaɗa, ya yi waƙa. Wallahi ban taɓa jin ya yi waƙa maras gishiri irin wannan ba. Idonshi na kan salula. Ya gaida gwamnati, ya gaida sarki, ya gaida mai salula. Yaron ya ce a sake, anka sake, duk ɗaya. Kawu ya ce: "Kai ɗan lakwal, abin nan naka ba ya amshi, ba ya guɗa. Wa nike yi wa waƙa?"

Muna nan sai Inna, matar Kawu, ta aiki wani jikanta ya shiga rumbu ya share mata ɗan abin da ya zube ƙasa, ko ta samu na kunu. Kun san rumbunanmu na Adar: na laka ne, manya, masu tumbi kamar tulu, baki na bisa. Yaron ya hau tsani ya faɗa ciki. Can sai munka ji ya kira kakarshi. Muryar ɗan shekara goma, amma ta fito da kauri kamar ta ƙato.

Kawu ya ɗaga kai. Ya ce a kawo tsani.

Na hana shi, bai ji ba. Ya tuɓe babbar riga. Mu biyu munka riƙe shi har ya sauka, anka miƙa mishi gurumi, ɗana ya bi shi da salula. Ni na tsaya bisa tsani ina leƙe. Ciki duhu ne da zafi, sai haske guda da ke sauka ta bakin, ƙura na yawo cikinshi.

Ya taɓa tsarkiya guda. Bai ƙara ba, ya jira. Rumbun ya maido mishi da ita, tana zagaya bango. Ya sake taɓawa. Nan na ga abin da yaron ke nufi. Kawu mai saurin hannu ne, kiɗan gayya ya saba, wanda ke sa samari su yi ta zabga hauya. Amma in ya yi sauri cikin rumbu, sai amon ya hau bisa ɗan'uwanshi ya dagule. Dole ya sassauta. Ya riƙa barin fili tsakanin bugu da bugu, rumbu na cike mishi. Ga ƴan amshi ya samu. Ya manta da salula sarai.

Waƙar da ya yi ban taɓa jin ta ba. Da rumbun yake magana. Ya tuna mishi shekarar da anka gina shi, da waɗanda sunka kwaɓa lakar, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ya lissafa mishi shekarun da ya kwana wayam: 1973, da 1984 wadda muke ce wa El-Buhari, lokacin da anka rufe iyakar Najeriya, da 2005. Ya tambaye shi ko bana ma haka za su yi da shi. Minti bakwai ya yi. Ni dai na sauko daga tsani, don kar yara su ga idona.

Da sunka fito, ɗana sai murna yake. Ya ce zai aika wa abokanshi, zai sa intanet, duniya ta ji Kaka. Inna na tsaye bakin madafa, ta ji komi. Ba ta dubi yaron ba, ni ta duba. Ta ce: "Kai ɗan nan, da girmanka za ka tsaya a nuna wa duniya cikin rumbunmu?"

Ƴan'uwa, kun san nauyin wannan magana. Rumbu asirin gida ne. Ko maƙwabcinka ba ya leƙa maka rumbu. Mutum na iya kwana da yunwa, da safe ya wanke fuska ya fita, ba wanda ya sani. Ga shi akwai jikarta budurwa da ake nema. Hoton salula kuwa, in ya fita ya fita. Yau yana Tawa, gobe kasuwar Badagishiri, jibi hannun dangin mai neman auren.

Yaron ya ce ai kowa ya san an yi fari, rumbun kowa haka yake. Ta ce kowa ya sani, amma ba kowa ya gani ba.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Ɗakin ƙarfen nan na Paris ba na kowa ba ne, mutuncin kowa bai rataya gare shi ba. Rumbu kuwa, abin da ya ba shi daɗin amo shi ne abin kunyar mai shi. Da akwai hatsi ciki, da babu waƙar.

Shi ma yaron da kanshi ya ba ni labarin da ya ƙara mini tunani. Ya ce Vincent Moon na cikin masu koyi da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai sinima da ya daɗe ƙasarmu, wanda ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, anka rufe shi Yamai. Cikin 1971 Rouch ya je Simiri, ƙasar Zabarmawa. Kwana uku ana kiɗan bori don neman tsari daga fara, ba abin da ya sauka. Rana ta huɗu ya shiga fili da kamara bisa kafaɗa. Makaɗan sun so su tsaya, da sunka ga yana ɗauka sai sunka ci gaba, nan take bori ya hau. Yaron na faɗa mini haka don in ga darajar kamara. Ni kuwa abin da na ji daban ne: ashe abin nan ba kallo kaɗai yake ba, in ya shiga wuri sai ya motsa shi.

Da safe na yanke. Na ce hoton na Kawu ne da Inna, ba na mai salula ba. Ba za a goge ba, ba za a aika ba, sai ran da sunka ce. Yaron ya koma Tawa yana fushi da ni.

Damanar 2022 ta yi kyau, alhamdu lillahi. Da kaka anka cika rumbu har wuya. Yaron ya zo, fushi ya huce. Kawu ya hau ya zauna bisa damman, ya taɓa tsarkiya, ya jira. Shiru. Hatsi ya shanye amon. Ya yi dariya har da tari, ya ce ƴan amshinshi sun ƙoshi, sun yi barci, a bar su.

Kawu ya rasu cikin sanyin 2024. Gurumin na rataye ɗakin Inna, ba wanda ya gada. In ɗana ya zo hutu, takan kira shi bayan magariba, ta ce ya kunna mata. Ba ta kallo. Sai ta kife salular bisa tabarma, ta saurara har ƙarshe. Ɗanta da ke aiki Abijan ya roƙa, ta yarda anka aika mishi muryar kaɗai. Hoton kuwa har yau ba ta ce a sake shi ba, ni ma ban tambaye ta ba.