Kadangaren Gidan Gem

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu 'yan tsohuwar majalisar gidan gem ta Tudun Wada, Gusau. Da kan ƙwallo muka yi niyyar rubutu, sai hira ta karkata kan wani kadangare, muka ga gara mu amayar da abin da ya daɗe yana cin mu.

Duk wanda ya taso a Gusau a ƙarshen shekarun 1990 ya san irin shagon: benci biyu, talbijin mai ƙaton ƙeya, Sega, da kaset ɗin da sai an hura masa iska kafin ya tashi. In an ɗauke wuta mai shago ya ja janareto, kuɗin wasa ya hau. Kuɗin tararmu duk can suka ƙare.

Kusan duk abin da muka kashe a talbijin ɗin nan mai jan ciki ne. A Super Mario, wanda Nintendo ta fitar a 1985, sojojin Bowser kunkuraye ne da ake kira Koopa. Ka taka ɗaya ya shige ƙoƙonsa, ka shure shi ya je ya kwashe 'yan uwansa. A Donkey Kong Country na 1994 kuwa kadoji ne, Kremling, da sarkinsu K. Rool ɓarawon ayaba. Ba wanda ya taɓa tambaya ko kunkurun nan yana da uwa. Masu ƙera wasan sun san aikinsu: in ka sa wa abokin gaba fatar kada, yaro zai kashe ɗari ya tashi ya je ya ci tuwo.

Amma wanda ya tsaya mana a rai shi ne Reptile na Mortal Kombat. A wasan farko na 1992 ɓoye shi aka yi a ƙasan ramin ƙusoshi, kayansa irin na Scorpion da Sub-Zero, launin kawai aka mayar kore. A na biyu, 1993, aka fara iya zaɓensa. Yana tofa guba, yana ɓacewa, in ya ci ka ya cire ƙyallen fuska ya zaro harshe ya haɗiye kanka. Mu dai Sub-Zero muke rububi. Mutum ɗaya ne a majalisarmu kullum yake ɗaukar kore, har sunan ya bi shi, muke ce masa Kadangare. Bafulatani ne, daga wata ruga ta wajen Bungudu aka kawo shi karatu gidan kawunsa. Siriri, ba ya magana, kuma in ya riƙe hannun gem sai dai ka nemi wani kuɗin.

Shi ya fara gaya mana cewa Reptile ba dodo ba ne haka kawai, yana da dangi. Ƙasarsu Zaterra, Shao Kahn ya cinye ta, jinsinsu ya kusa ƙarewa, shi kuma yana yi wa masu mulkin bauta da fatan wata rana a dawo masa da mutanensa. Dariya muka yi. Wa ke karanta rubutun da ke fitowa a ƙarshen wasa?

Sauran labarin kun san shi, don tare muka rayu cikinsa. Satar shanu ta zama kisa, kisa ya zama satar mutane. Hanyar Gusau zuwa Tsafe da muke bi da dare ba fargaba ta koma sai da addu'a. Shanun mahaifin Kadangare na cikin waɗanda aka fara korawa, rugarsu ta watse, shi ya buɗe ɗan shagon kayan waya a garin Bungudu. Kasuwannin ƙauye ya daina zuwa, don in ya tsira daga 'yan bindiga a hanya, bai san yadda 'yan sa-kai za su kalli fuskarsa ba.

A 2021, shekarar da aka kwashe 'yan matan Jangebe, aka tare ƙanen ɗayanmu a hanyar Tsafe. Sai da aka sayar da gona kafin ya dawo, ƙafafunsa a kumbure. A daren da ya dawo, yayan nasa ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa duk irinsu ɗaya ne, a gama da su kowa ya huta. Ba mu zo wanke kowa ba. Waɗanda suka ɗaure yaron nan mutane ne na gaske, da sunayensu da dabobinsu, kuma wanda aka yi wa haka ba a auna masa magana. Abin da ke damunmu namu ne: mu goma sha ɗaya ne a zauren, wasu suka sa alamar yarda, sauran muka yi gum. Can wajen ƙarfe ɗaya sai ga ɗan rubutun nan, Kadangare ya fita.

Muka ce gobe za mu kira shi. Goben ta yi ta ja har watan Satumba, aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, muka samu uzurin da ba mu nema ba. Layi ya dawo, kunya ba ta tafi ba.

Manya na cewa kadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Da wannan karin maganar ake kwatanta 'yan bindiga a majalisu, kuma ta dace. Sai dai a daren nan mu ba mu tsaya duba wane ne kadangaren wane ne tulun ba. Kore muka gani, muka danna.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce mu uku muka shirya muka je Bungudu, har da yayan yaron. Ya tarbe mu, ya aika aka damo fura, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar yaron. Haƙurin da muka haddace a mota ya maƙale. Da shiru ya yi yawa sai ɗayanmu ya kawo zancen Mortal Kombat 1 na 2023, inda Reptile, da sunansa Syzoth, ya gano Shang Tsung ya kashe iyalinsa da ya yi garkuwa da su, ya juya ya bi ɓangaren jarumai.

Ya yi murmushi ya ce, "Allah sarki. Ashe sai da ya shekara talatin kafin a yarda da shi."

Yayan yaron ya ce, "Ɗan uwa, ka yafe min." Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da muka ce za mu mayar da shi zaure, sai ya ce a bari tukuna, wayarsa ba ta da wuri. Ya rako mu har bakin titi, yana cewa mu kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi.